Injiniya Labaran da Makullin Kwamfuta

Babu wanda ya naɗa Labaran injiniya. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo Dutsin-Ma daga Kaduna da sukundireba uku a aljihun gaba da wani tabarau da ba ya ƙara masa gani. Ya kafa rumfar gyaran rediyo da agogo a bakin kasuwa. Rediyon da ya shiga hannunsa yana kama Kaduna yakan fito yana kama Maraɗi kaɗai, agogo kuwa ya koma gudu kamar an biyo shi. In ka yi ƙorafi sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ƙarin ƙarfi na yi mishi. Wani wurin sai ka roƙa a yi maka haka."

A ƙarshen kakar 1989 Ƙungiyar Manoman Rani ta Bakin Zobe ta shiga uku. Turawan da suka yi aikin magudanan ruwa sun tafi sun bar mata wata tsohuwar kwamfuta: akwati mai ruwan toka, talabijin a kansa, da allon bugawa irin na tafireta. A cikinta aka zuba sunayen manoma ɗari biyu da goma sha huɗu da lambar fegin kowa. Tun da aka zuba aka jefa rijistar takarda cikin kabad, gara ta cinye ta har bango. Ranar Asabar za a karanta rabon fegi, ranar Lahadi a saki ruwa. Shekarar da aka taɓa yin rabon da ka, mutum shida aka ɗinke wa goshi, don manomi ba ya musu hannu sake, da fartanya yake zuwa.

Ranar Litinin wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfuta ta rikice. Justina, 'yar Kagoro mai buga tafireta a ofishin, ita kaɗai ta iya sarrafa ta. Ta ɗauko faifai ta sake ɗora mata tsarin da take tashi da shi. Kwamfuta ta tashi, ta rubuta layi ɗaya, ta tsaya cik.

"Mi ta ce?" in ji Alhaji Tukur, shugaban ƙungiya.

"Makulli take nema, Alhaji. Na lasisi."

Kafin azahar maganar ta kai teburin mai shayi, kafin la'asar Labaran ya iso ofis ba tare da an aika masa ba. Ya riga ya gama shirinsa a hanya: zai buɗe kwamfutar, Alhaji ya sanar a gaban manoma cewa shi ne Injiniyan Ƙungiya, a rubuta masa sabon allo a rumfa, daga nan sai Katsina ta aiko mota.

"Ranka shi daɗe, ina mara lafiyar?"

"Ka taɓa gyara irinta, Labaran?"

"Irinta? A Kaduna na gyara uwarta. Wannan ai jika ce."

Bai taɓa ganin kwamfuta ba sai a kalanda. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa akwatin, ya kara kunne. Can sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan rami zagayayye a gaban akwatin, mai bakin ƙarfe. Murna ta kama shi.

"Alhaji, matso. Wannan mene ne?"

Alhaji ya duƙa. "Wallahi ramin makulli ne!"

"Malam Labaran, ba shi ba ne," in ji Justina. "Makullin da take nema lamba ce da haruffa, guda goma sha biyu, bugawa ake yi. Baba Obadiya da ya riƙe ta kafin ya yi ritaya, shi ya sani. Yana Kurfi. Ya tafi jana'iza garinsu, amma ranar Juma'a zai dawo."

Labaran ya yi dariyar tausayi. "Malama Justina, kin taɓa buɗe ɗakinki da lamba?"

"Ɗakina ba kwamfuta ba ne."

"Ta ce makulli ko ba ta ce ba?"

"Ta ce."

"Ga rami ko babu?"

"Akwai, amma..."

"To ina abin yake? Ita ta ce makulli, ga rami, ke kin ce lissafi. Alhaji, wa za mu bi, mai ciwon ko mai jinya?"

Alhaji Tukur ya dubi ramin, ya dubi Justina. Rami dai ga shi ana gani da ido, lamba kuwa tana wajen jana'iza. Ya ce a bar Injiniya ya gwada.

Washegari Labaran ya danna sabulu a bakin ramin ya ɗauki siffarsa, ya hau keke sai Makera, wurin Ya'u maƙeri, wanda duk rayuwarsa fartanya da lauje yake ƙerawa. Rana ta yi zafi a hanya, sabulun ya yi laushi a aljihu, ya iso da siffar da ta fi kama da cibiya.

Ya'u ya juya sabulun. "Wanga makullin mi ne?"

"Na ƙwaƙwalwa."

"Ta wa?"

"Ta Turawa."

"To Allah shi ba su lafiya," in ji Ya'u, ya hura wuta.

Makullin da ya fito ya kai tsawon ludayi, da mariƙi lanƙwasasshe irin na lauje, don hannun Ya'u ya saba. Labaran ya kwashe Laraba da rabin Alhamis yana goga bakinsa da magagari a ƙofar rumfa, yana gaya wa duk mai wucewa ya zo ofis bayan la'asar ya ga ilimi. Mutum ya kai talatin suka zo, har da masu leƙe ta taga.

Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya zura, ya murɗa. Ƙaras! Makulli ya juya.

"Allahu akbar!" in ji 'yan taga.

Labaran ya buɗe hannuwa. "Malama, bismilla, shiga. Na buɗe miki."

Justina ta danna harafi. Shiru. Ta danna wani. Ta bi allon bugawar kaf da yatsu goma, ko ɗigo bai fito ba. Ta juyo a hankali.

"Malam Labaran, wannan ramin na kulle allon bugawa ne, don kada wani ya taɓa in ba ka nan. A buɗe yake tun da Turawa suka tafi. Yanzu ka kulle shi."

"To ai sai a buɗe. Abin da ya juya dama zai juya hagu."

Ya murɗa hagu. Ya ƙi. Ya sa hannu biyu, ya taka ƙafar tebur, ya murɗa. Ɓas! Ya koma da baya ya zauna a cinyar Alhaji Tukur da mariƙin lauje a hannu, bakin makullin ya zauna a rami.

"Ɗaga ni!" in ji Alhaji.

"Da tana tambaya ne ba mu san amsa ba," in ji Justina. "Yanzu ko mun san amsar, ka ɗaure mana baki."

Labaran ya miƙe yana karkaɗe riga. "Wannan ci gaba ne. Yanzu mun tabbatar ramin yana aiki."

Wani daga taga ya ce, "Injiniya, ta kama Maraɗi?"

Alhaji ya kori Labaran, amma Injiniya ya rantse shi zai je Kurfi da kansa ranar Asabar da sassafe ya karɓo lambar, ya dawo kafin taro. Alhaji ya yarda, don a ganinsa ɗauko lamba goma sha biyu ko jaki aka aika zai iya, in an rataya masa a wuya.

Da safiyar Asabar Labaran ya biya ofis, ya ce wa tsoho maigadi Alhaji ne ya aiko shi, ya cire talabijin ɗin daga kan akwati ya ɗaure a zanen gado. A lissafinsa wannan shi ne kai, a nan ƙwaƙwalwa take, kuma in Obadiya ya ga fuskarta zai fi saurin tunawa. Ya shiga akori-kurar wani direba mai suna Mahmuda, ya rungume ta a cinya har Kurfi.

A tashar Kurfi zanen ya zame. Wata mai fura ta hango gilashi ta ce, "Majigi ya zo!" Kafin Labaran ya ɗora ta a ka, mutane sun kewaye shi.

"Malam, dambe za a nuna ko kokawa?"

"Ku matsa! Wannan ba talabijin ba ce. Talabijin kai ke kallonta. Wannan ita ke kallonka, ta rubuta sunanka."

Nan take mata suka ja gyale suka rufe fuska, wani mahauci ya ɓuya bayan tukuba. Amma ba wanda ya koma. Haka suka bi shi a baya, nesa-nesa, har ƙofar gidan Obadiya, inda kaji suka fi mutane yawa.

Baba Obadiya ya fito da kwanon dusa a hannu, ya dubi Labaran, ya dubi abin da ke kansa, ya dubi jama'a.

"Ɗana, lafiya? Ina sauran jikinta?"

"Kan na kawo, Baba. A nan matsalar take."

"Wannan ai gilashi ne kawai. Ƙwaƙwalwar tana cikin akwatin da ka baro."

"Na sani," in ji Labaran da sauri. "Iska na fito da ita ta sha."

Obadiya ya ajiye kwano ya yi dariya har da tari. Da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya ce takardar lasisin tana cikin littafin Turawa, littafin kuma yana cikin kabad tare da rijista. Labaran ya sauke talabijin ƙasa.

"Gara ta cinye, Baba."

"Na san za a yi haka. Shi ya sa na sa ta a waƙa. Shekara ashirin ina cikin mawaƙan coci, abin da na rera ba ya ɓata." Ya gyara murya, ya ɗaga hannu, ya ja:

"Bi bakwai, Em tara,
Uku biyar, Zed huɗu,
Ar tara..."

"Ar takwas!" in ji wata murya daga madafa. Mama Roda, matarsa, ta fito tana share hannu. "Ar takwas, biyu shida. Shekara huɗu kana rera mini ita a wurin wanka, yau ka ce tara?"

"Takwas ne, ta fi ni gaskiya," in ji Obadiya. Suka rera tare daga farko har ƙarshe, jama'ar ƙofar gida suka ce amin.

Roda ta ɗauko biro da 'yar takarda. "Ungo, ɗana, rubuta."

Da su uku ne kaɗai, da ya karɓa. Amma ga mutanen Kurfi sun zuba masa ido, waɗanda yanzun nan suka ɓoye fuska saboda shi. Ya ɗaga tafin hannu.

"Mama, ni da takarda? Takarda ai ita ta jawo mana wannan. Kan nan da kike gani, na haddace wayoyin rediyo iri arba'in. Lamba sha biyu ko kurɓin ruwa ba ta kai ba."

"Rubuta dai."

"Ko gara ta shekara tana nema ba ta shiga nan." Ya ƙwanƙwasa goshi, ya rera waƙar daidai ba kuskure. Aka tafa masa.

Roda ta dube shi daga hula har takalmi. Daidai nan Mahmuda ya tsaya da akori-kura a ƙofar gida don ɗaukar ƙwan da take aikawa Dutsin-Ma. Gaba ya cika, sai Labaran ya hau baya da talabijin, tsakanin awaki huɗu da wata Bafulatana mai suna Mairama da kwandon kajinta.

Mota ta tashi, Labaran ya rufe ido yana rerawa. "Bi bakwai, Em tara, uku biyar..."

Suka faɗa rami, murfin kwando ya buɗe, kaji suka watse cikin mota. Mairama ta shiga kamawa tana ƙirgawa da Fulatanci a daidai kunnensa. "Go'o, ɗiɗi, tati, nayi... Malam, ɗaga ƙafarka! Tati, nayi..."

"Inna, ki ƙirga a zuci! Ilimi nake ɗauke da shi!"

"Ni ma kaji nake ɗauke da su. Tati, nayi, ina ta biyar?"

Ta biyar tana kan talabijin. Ta bar shaida a gilashi kafin a kamo ta.

Ya koma farko. "Bi bakwai, Em tati..." Ya girgiza kai, ya sake. Ya kusa daidaita ta ke nan aka tsayar da su a shingen masu duba takardun mota. Mai dubawar da ke kiran lambar motar ba ya ji sosai, abokinsa da ke rubutawa a gindin bishiya ya fi shi rashin ji.

"Ke Ti huɗu ɗaya bakwai biyu!"

"Nawa?"

"Ke Ti! Huɗu! Ɗaya! Bakwai! Biyu!"

"Huɗu bakwai?"

"Huɗu ɗaya bakwai biyu!"

Labaran ya toshe kunnuwa da yatsu yana rerawa da ƙarfi, har mai dubawar ya leƙo ya tambayi Mairama ko asibiti za a kai shi. Da yake hannuwansa suna kunne, idonsa a rufe, bai ga akuyar da ta sami wayar talabijin tana tauna a natse ba, sai da suka shigo Dutsin-Ma.

Filin gaban ofis ya cika maƙil. Manoma daga Karofi, daga Makera, daga ƙauyukan bakin ruwa, kowa da fartanyarsa a kafaɗa wai daga gona yake. An fito da tebur baranda, akwati a kai ba kai. Alhaji Tukur yana ta safa da marwa, rawaninsa ya karkace.

"Ga shi nan! Ɓarawon kai!" in ji wani.

"Labaran, wa ya ce ka ɗauke ta?" in ji Alhaji.

"Ranka shi daɗe, dabarar aiki ce, ba kowa zai gane ba."

Justina ta karɓi talabijin ta goge kashin kaza da tsumma. Tun da safe ta aika aka ɗauko Ya'u, ya zaro guntun makullinsa da hantsaki ya mayar da ramin yadda yake, yana ta ba akwatin haƙuri. Ta ɗago wayar da akuya ta tauna ta nuna wa Labaran.

"Wannan kuma fannina ne," in ji shi. Ya jona ta a soket don ya ga ko tana aiki, sannan ya feɗe wayar da haƙori, ya murɗa, ya manta ɗaya bakin yana jikin soket. Wuta ta ɗauke shi ta yar. Hula ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, ya yi wata ƙara da ta sa jakin wani ya tsinke igiya.

"Gwaji ne," ya ce daga ƙasa. "Akwai wuta."

Justina ta kashe soket ta naɗe wayar da kanta. Gilashi ya kawo haske, layin nan ɗaya ya fito.

"To, Malam Labaran, ba ni takardar."

"Babu takarda. Tana nan." Ya nuna goshi.

Justina ta jawo allon bugawa gabanta. "Ka sani sau uku take yarda a gwada. In an kuskure na uku, sai na sake ɗora mata tsari daga farko, mu kai gobe. Gobe kuwa ruwa ya zo."

Jama'a suka matso. Labaran ya hau benci, ya ɗaga hannu yadda ya ga Obadiya ya yi. Kansa yana ƙara kamar rediyon da ya ɓata tasha.

"Bi bakwai, Em tara, tati nayi..."

"Babu tati a allon nan."

"Uku huɗu ke nan," in ji wani Bafulatani daga baya.

Ta buga, ya ƙarasa da abin da ya zo bakinsa. Kwamfuta ta yi ƙyat, ta ƙi.

"Ɗaya," in ji jama'a.

"Na gwada ta ne in ga ko tana farke. Ga ta gaskiyar." Ya share zufa. "Zed bakwai, Bi tara, amin..."

"Amin ba harafi ba ne."

"Cire amin. Sa takwas."

Ƙyat.

"Biyu," in ji jama'a. Aka fara sauke fartanyoyi daga kafaɗa. Wasu maƙwabta biyu tuni suka soma gardamar wa ke da fegin bakin kwalbati.

Labaran ya ji wata lamba ta taso masa garau, tsaf, ba gargada, kamar an rubuta ta a cikin kansa. Ya yi murmushi. "Yawwa! Ta dawo. Malama, shirya." Ya cika ƙirji ya rera da muryar coci:

"Ke Ti huɗu ɗaya,
Bakwai biyu..."

"Kai! Tsaya!" Mahmuda direba ne, yana kutsowa cikin jama'a, don shi ma yana da fegi. "Wannan lambar motata ce!"

Yatsan Justina ya tsaya a sama. Fili ya fashe da dariya, har masu gardamar kwalbati suka dafa juna.

"Motata zai zuba a ciki, a raba ta fegi-fegi!" in ji Mahmuda. Sai kuma ya dafe kai. "Af! Wallahi na sha'afa." Ya cire hula ya zaro wata 'yar takarda a ninke. "Mama Roda ta ba ni tare da ƙwai. Ta ce in ba Malama Justina hannu da hannu."

"Ba ni nan, aikina ne," in ji Labaran yana miƙa hannu daga kan benci.

Mahmuda ya janye. "Ta ce ko akuya ta roƙa in ba ta, amma ban da mai talabijin."

Justina ta warware takardar ta buga a hankali, tana faɗa da baki: Bi bakwai, Em tara, uku biyar, Zed huɗu, Ar takwas, biyu shida. Akwati ya yi gurnani, wata 'yar fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta, rubutu ya gangaro ya cika gilashi. Alhaji Tukur ya zauna a ƙasa daɓas yana hamdala. Fartanyoyi suka koma kafaɗa.

Labaran ya tsinci hularsa ya kafa. "Jama'a, ku shaida. Wa ya je Kurfi? Wa ya zaɓi motar Mahmuda a cikin motoci? Da na shiga wata, da yanzu takardar nan tana ina?"

Ba wanda ya kula shi, don Justina ta ɗaga hannu.

"Saura tambaya ɗaya, Alhaji, kafin ta ba mu sunaye. Tana son a gaya mata kwanan wata. Yau nawa ga wata?"

Labaran ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki.

Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka ce da murya ɗaya, "Kar ka faɗa!"